Sun Kwashe Rufin Majami'armu, Yanzu Ni Ake So In Durƙusa

Daga Admin: Wata 'yar uwa ce ta turo mana wannan, ta roƙi a ɓoye sunanta. A ba ta shawara cikin mutunci, wanda ya yi zagi za mu cire shi.

Salama a gare ku 'yan wannan gida, manya da yara, ina gaishe ku da kyau, ya aiki ya iyali. Don Allah ina neman shawararku, kuma ku yi haƙuri da tsawon maganar, raina ne a ɓace, in ban faɗa daga farko ba ba za ku gane inda na tsaya ba. Ni Bahaushiya ce kuma Kirista, na san wasu za su yi mamaki amma muna nan, iyaye da kakanni a nan aka haife mu. Gidan ubana yana wajen Mainika ta Gwarzo, aure ya kawo ni wani ƙauye a yankin Durun ta Kabo. Roƙona ɗaya kada a mai da maganar nan gardamar addini, ba abin da ya kawo ni ke nan ba, Musulmi da Kirista duk wanda yake da tsoho a gida zai fahimce ni.

A ƙauyenmu akwai wata ƙaramar majami'a ta ƙasa, mahaifin maigidana ne da abokansa suka gina ta da hannunsu tun kafin a haife ni, kabarinsa ma yana bayanta. A cikinta aka ɗaura mini aure, a cikinta aka sa wa 'ya'yana albarka. To shekarun nan mutane sun yi ta tashi suna komawa bakin titi, saboda can akwai makaranta, akwai sabis na waya mai ƙarfi, akwai mota. Samari sun tafi, magidanta da yawa sun tafi, ƙauyen ya zama yawanci tsofaffi ne sai mu kaɗan da gonakinmu suka riƙe. Sai aka fara ginin sabuwar majami'a ta bulo a bakin titin, ban ƙi ba, ni ma na ɗauki yashi da ruwa a kaina tare da matan zumunta, wato ƙungiyar matan majami'a. Tsakaninmu da can tafiya ce mai ɗan nisa, kuma akwai rafi a tsakani, da rani ba komai, da damina sai mai ƙarfi.

Aka kawo mana sabon Fasto, matashi ne, kuma zan faɗi gaskiya ba malalaci ba ne. Da ya zo ya ce mun yi sanyi, bana shekarar sabunta alkawari ce, mu koma ga Ubangiji cikin sujada da hidima da bege. Allah ya sani maganar nan ta shige ni, don ni kaina na yi sanyi, zuwa kawai nake in zauna in tashi. Na koma taron zumuntar mata, na koma ziyarar marasa lafiya, na fara tashi da asuba ina addu'a kamar lokacin ina budurwa. Ina cikin murnar nan abin ya faru.

Ginin bakin titi ya kai har sama amma babu rufi, ga damina ta matso. Ashe kwamitin dattawa sun zauna sun yanke shawara, kuma maigidana yana cikinsu, Baban Saratu nake ce masa. Ba su faɗa a sujada ba, ba su kira tsofaffin ba, ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi bai ce mini uffan ba. Suka bari sai ranar kasuwa, lokacin da duk mai ƙafa ya fita. Na tafi da man gyaɗana da ƙuli-ƙuli, na dawo da la'asar, tun daga nesa na ga kamar wani abu ya canza a ƙauyen amma ban gane ba, sai da na matso na ga majami'a tsirara. Babu kwano ko ɗaya, babu katako, sun kwashe bencina, har ƙarfen da muke bugawa na kiran sujada sun kwance daga jikin bishiya sun tafi da shi. Na tarar da surukata, Inna, zaune a ƙofar majami'ar a ƙasa, zanenta duk ƙasar bango. Inna ta tsufa sosai, gwiwoyinta sun ƙi, da sanda take tafiya. Ita ta ba ni labari, wai ta ji bugun guduma ta lallaɓo, ta ɗaga kai ta ga ɗanta a kan rufin yana ɓanɓarar ƙusa. Shi ne ɗanta na fari, tunda na shigo gidan nan ban taɓa jin ta kama sunansa ba. Ranar ta kira shi da sunansa, da ƙarfi, a gaban kafintoci. Bai sauko ba, wai cewa ya yi, "Inna matsa baya kada kwano ya yanke ki."

Da ya dawo gida mun yi ta sosai. Hujjarsa ita ce yara sun fi yawa a bakin titi, suna zama cikin rana, kwanon nan yana da sauran kyau, kuma da an tambayi tsofaffi da ba za su yarda ba. Na ce masa to ka san ba za su yarda ba shi ya sa ka zo kamar mai sata? Ya ce in iya bakina. Ya ce an riga an shirya, duk Lahadi za a turo mota ta kwashi tsofaffi ta dawo da su, ba wanda zai rasa sujada. Ranar Lahadi Fasto ma ya faɗi haka a gaban jama'a, aka yi tafi.

Motar ta zo 'yan makonni, wata tsohuwar a-kori-kura, muna ɗaga su Inna kamar buhuna muna sakawa a baya. Da ruwa ya kankama rafi ya kawo, hanya ta lalace, sai direban ya fara zuwa a makare, daga nan ya daina. Ba wanda ya aiko ya ce ba za a zo ba. Wata Lahadi ba zan manta da ita ba, tsofaffin nan sun yi wanka tun da sassafe, sun sa kayansu masu kyau, suka zauna a gindin bishiya suna jira. Akwai Baba Bawa, makaho ne, shi ne makaɗin majami'ar tun yana saurayi, ya sa babbar rigarsa fara. Duk babur ɗin da ya wuce sai ya ɗaga kai ya ce, "'Yata, motar ce?" in ce a'a Baba. Na kira maigidana a waya bai ɗauka ba, don an fara sujada a can. Har rana ta take, inuwa ta guje musu, ba wanda ya tashi, kowa yana jin kunyar ya zama shi ne na farkon da zai koma gida. Sai na shiga gida na ɗauko tabarmi da Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi da tuluna na kiɗan zumunta, na ce ku taso mu shiga. Muka shiga majami'ar da babu rufi, na miƙa wa Baba Bawa tulun, na karanta musu Maganar Allah tunda ni kaɗai ce mai karatu a cikinmu, muka yi waƙa, kowa ya yi addu'a. Ban yi wa'azi ba, ban ba kowa jibi ba, wato gurasa da ƙoƙon Ubangiji da ake rabawa a majami'a, ban ce ni wata ce ba. Haka abin ya fara, kuma tun daga ranar ban sake barinsu ranar Lahadi ba.

Ruwa ya dinga dukan bangon yana zaizayewa, mu ma wata rana ya dake mu muna tsakiyar waƙa. Maƙwabcinmu Malam Sale, Musulmi ne, asalinsu makiyaya ne amma sun daɗe da zama suna noma, shi ya gan mu muna fito da tsofaffi a jiƙe. Washegari sai ga shi da ƙaninsa ɗauke da babban tampol ɗin da yake shanya masara, suka kafa itatuwa suka ɗaure shi a kan rabin ginin. Na rasa bakin godiya, ya ce mini, "Maman Saratu bar godiya, tsofaffin nan su suka gan mu muna yara, ba za mu zuba ido ruwa yana dukansu ba." Kun san abin da maigidana ya ce da ya gani? Wai na tona wa ikilisiya, wato jama'ar majami'armu, asiri, na sa maƙwabta suna ganin kamar ba mu iya riƙe namu ba. Na ce masa ai ba kamar ba ne, ba ku iya ba ɗin. Kwana biyu bai ci tuwona ba.

Abin da ya ƙarasa ƙona mini rai shi ne rasuwar Baba Bawa. Da ciwo ya kwantar da shi ya san tafiya ta zo, abu ɗaya ya roƙa, a kawo masa jibin Ubangiji ya ci kafin ya tafi, don tun da aka daina turo mota bai ci ba. Fasto ne kaɗai yake da ikon bayarwa. Na yi aike, na yi waya, na tsallaka rafin da kaina ruwa har ƙugu na same shi, ya ce in sha ruwa in huta, zai zo da zarar ruwan ya ɗan ja, ga kuma shirye-shiryen taro sun yi masa yawa. Na koma na ce wa Baba yana nan tafe. Tsohon nan ya sa aka yi masa aski, aka share ɗakin. Fasto bai zo ba har Baba ya cika. Amma ranar jana'iza, 'yan uwa, kowa ya tsallako! Fasto ya naɗe wandonsa ya tsallako, dattawa sun tsallako, 'yan kwaya masu waƙa sun tsallako da kayan kiɗansu a ka, ruwan nan dai shi ne, bai ragu ba. Aka tsaya a bakin kabari ana yabon Baba Bawa, wai ginshiƙi ne, wai mu yi koyi da hidimarsa. Ina tsaye na cije leɓena har na ji gishirin jini, don kada in yi ihu a kan gawar mutum.

Bayan jana'iza da 'yan kwanaki aka aiko wai dattawa suna nemana. Na ɗauka maganar tsofaffi za a yi, har na shirya abin da zan roƙa, ko da sau ɗaya a wata ne a turo mana wani. Ashe shari'ata za a yi. Aka zaunar da ni a benci ni kaɗai, a kan ɗaya daga cikin bencinan da suka kwaso ma, suna jere a gabana, maigidana yana cikinsu kansa a ƙasa. Laifina wai na raba kan ikilisiya, na buɗe wata majami'a ba da izini ba, ni mace na tsaya gaban jama'a ina jagorantar sujada, kuma wai saboda ni wasu magidantan ƙauyen sun daina tsallakawa suna zama wajenmu. Na ce musu ni ban buɗe komai ba, a buɗe kuka bar ta. Na tambaye su ina motar, aka ce hanya ce. Na tambaye su me ya hana wani dattijo ya riƙa zuwa yana yi musu, ni in koma baya in zauna da murna, aka ce in an yi haka an yarda da majami'a biyu ke nan. Sai babban cikinsu ya gyara zama ya ce, "Ke yarinya, tsofaffin nan sun ci zamaninsu, su yi addu'a a ɗakunansu Allah yana ji. Mu ikilisiyar gobe muke ginawa." Na juya na kalli maigidana, don uwarsa ake nufi, ina jira ya ce wani abu. Ƙasa yake kallo. Na ce wa dattijon, "Baba, kai ma saura ƙiris gwiwarka ta ƙi, ina fata ranar za ka ji daɗin wannan maganar." Nan wuri ya kaure, wai na zagi dattijo.

Hukuncin da suka yanke shi ne, Lahadin nan mai zuwa ita ce babbar ranar sabunta alkawari, kowa zai tsaya ya yi wa Ubangiji alkawarin sujada da hidima da bege. Ni kuma kafin a fara zan fito gaban ikilisiya in durƙusa in nemi gafara, in yi alkawarin ba zan sake tara tsofaffi ba, a kwance tampol a mayar wa mai shi. In na ƙi za a sa ni ƙarƙashin horo, wato ba zan ci jibi ba, zan koma bencin baya, a cire ni daga zumuntar mata. Ku duba fa, a ranar da za a yi alkawarin hidima, a ranar ake so in yi alkawarin daina yi wa tsofaffi hidima. Ni wannan lissafin ya ƙi shiga kaina.

Kuma ga inda abin ya ɗaure ni. A wannan Lahadin ce za a yi wa 'yata Saratu baftisma, ta daɗe tana zuwa aji tana shiri, tana cikin kwaya, duk ƙawayenta a can suke. Ta zo ta same ni ina tuƙa tuwo ta fashe da kuka, ta ce, "Mama don Allah ki zo, kowa uwarsa za ta riƙe masa zane in ya fito daga ruwa, ni wa zai riƙe mini?" Ta ce 'yan ajinsu har sun fara ce mata 'yar Faston tampol. Ita ba ruwanta da kwano ko kwamiti, uwarta kawai take so. Ubanta kuma ya ce in na kunyata shi a gaban jama'a ranar, in tattara in tafi Mainika in huta a gidanmu sai ya neme ni. Shekara da shekaru muna tare bai taɓa faɗa mini irin wannan ba. Ba mugun mutum ba ne, yana noma, yana ciyar da mu, ba ya sha, ba ya duka, amma kujerar kwamitin nan ta fi masa kunyar uwarsa, kuma na kasa kallonsa kamar da.

Fasto ya zo gida da kansa shekaranjiya, ya tsallako lafiya lau. Ya zauna a tsakar gida ya ce shi ba a gaya masa cewa ba a shawarci tsofaffi ba kafin a cire rufin, kuma maganar Baba Bawa tana damunsa, har idonsa ya kawo ruwa. Na ce to Fasto ka faɗi haka ranar Lahadi a gaban kowa mana. Ya ce shi baƙo ne, bai daɗe ba, in ya ja da dattawa aikin duka zai rushe, ni dai in yi haƙuri in durƙusa don zaman lafiya, daga baya a hankali zai san yadda zai yi da tsofaffin. Na ce masa Baba Bawa ma a hankali aka ce masa. Ya yi addu'a ya tafi, ni ko amin ban iya cewa ba.

Ba na so ku ɗauka ina neman raba ikilisiya ne ko ina son girma. Sabuwar majami'ar nan tawa ce, guminmu yana jikin bulonta, kuma na san gaskiya ne yara suna buƙatar rufi. Da sun zo sun zauna da su Inna sun roƙa, na rantse da tsofaffin nan da bakinsu za su ce a ɗauka, a bar musu ko ɗan gefe. Raini ne ya yi mini ciwo, da yadda wanda ya yi ɓarnar yake zaune a kujera, wadda ta share ɓarnar ita ce mai durƙuso. Yanzu in na rufe ido zan yi addu'a fuskokin dattawan nan nake gani, sai in ji zuciyata tana tafasa, kuma na san bai kamata in je gaban Ubangiji da irin wannan zuciyar ba. Amma kuma ban taɓa jin kusanci da Allah ba kamar yadda nake ji a ƙarƙashin tampol ɗin nan, in tsofaffin nan suka ɗaga muryoyinsu da suke karkarwa. Sabuntawar da aka ce mu nema ni a can na same ta, yanzu an ce ita ce zunubina.

Yau da safe na kai wa Inna kunu, ashe duk ta ji abin da ake ciki. Ta kama hannuna ta ce, "Ki je ki durƙusa. Gwiwa ce, ba ta karyewa. Kada ki kashe aurenki saboda mu, mu da muke hanya, ki je ki riƙe wa jikata zane." Na ce Inna ku fa? Ta juya ludayi a cikin kunun ta ce, "Kafin ki tafi dai ki shimfiɗa mana tabarma, ki buɗe littafin ki ajiye a tsakiya. Ko babu mai karantawa za mu zauna." Na fito daga ɗakin na shiga bayan rumbu na yi kuka mai isata.

To 'yan uwa ku gaya mini. In je in durƙusa in nemi gafarar abin da ban yarda laifi ba ne, in yi alkawari da bakina a gaban Allah alhali na san zuciyata ba ta yi ba? Ko in je saboda Saratu, in riƙe mata zanenta, in an kira ni gaba in tsaya a kan ƙafafuna in faɗi duk abin da ya faru, su yi mini horon, maigidana ya yi abin da zai yi? Ko kuwa in zauna da tsofaffina kamar kowace Lahadi, 'yata ta fito daga ruwa ta duba ba ta ga uwarta ba? Akwai wanda ya taɓa kai irin wannan ƙara gaba wajen shugabanni na sama aka saurare shi, ko mace in ta yi haka sai a ce ta ƙara laifi? Masu aure ku faɗa mini, masu tsofaffi a gida ku faɗa mini, kuma don Allah duk wanda zai ce mini haƙuri, ya haɗa da gaya mini wanda zai karanta wa su Inna ranar Lahadi.